Siririn shamakin da ke cikin kafasita, da dalilin da fanka take rage gudu

Daga tsakiyar watan Maris zuwa saukar ruwan farko, masu gyaran fanka a Kaduna ba sa samun zama. Ƙorafin kusan iri ɗaya ne daga Rigasa har Unguwar Rimi: an kai fankar sama lambar ƙarshe amma iskarta ba ta saukowa, wani lokacin ma sai an sa sanda an tura fiffiken kafin ta tashi. Mai gyara zai taka benci, ya zame ƙoƙon da ke rufe wuyan fankar, ya ciro wani ɗan abu mai wayoyi biyu, ya ɗaura sabo, fanka ta dawo tana kaɗa labule. Ya ce kafasita ce ta mutu. Mai gida ya biya, magana ta ƙare.

To amma me ya mutu a cikinta? Kafasita ba ta da abin da ke juyawa balle ya cinye, kuma sau da yawa ko an fasa ta ba a ganin alamar ƙuna. Farantai biyu ne na ƙarfe suna fuskantar juna ba tare da sun haɗu ba, sai wani siririn abu da wuta ba ta ratsawa a tsakaninsu. Masana suna kiran wannan abu dayilektirik, a nan zan riƙa ce masa shamaki. Ra'ayina shi ne kusan duk abin da ke sa wata kafasita ta fi wata, ko ta daɗe ko ta mutu da wuri, yana cikin shamakin nan. Ɗalibi yana haddace lambarsa don jarrabawa, mai gyara yana ganin illarsa kullum a kan teburinsa, amma kaɗan ne daga cikinsu suke sanin cewa abu ɗaya suke magana a kai.

Idan aka haɗa farantan biyu da batir, ɗaya yana tara cajin fozitib, ɗayan yana tara negatib daidai gwargwadonsa. Ƙarfin ajiyar kafasita shi ne yawan cajin da take riƙewa a kan kowane bolt ɗaya da aka ɗora mata, ana kuma auna shi da farad. Farad ɗaya babban ma'auni ne ƙwarai, shi ya sa abin da muke gani a jikin kaya maikurofarad ne, wato kashi ɗaya cikin miliyan. Ƙara faɗin farantai yana ƙara ƙarfin ajiya, matso da su kusa da juna ma haka. Lissafin a dunƙule shi ne C = k × ε₀ × A ÷ d, inda C yake ƙarfin ajiya, A faɗin faranti, d tazarar da ke tsakani, ε₀ lamba ce ta dindindin wadda ta kai 8.85 × 10⁻¹², k kuwa lambar shamaki ce.

Mu sa adadi a ciki don a ga girman matsalar. Farantai biyu masu faɗin murabba'in mita ɗaya, tazarar milimita ɗaya, iska kawai a tsakaninsu, suna ba da nanofarad 8.85, nanofarad kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na maikurofarad. Kafasitar fankar sama da aka saba gani maikurofarad 2.5 ce, wato nanofarad 2,500. Da iska za a yi ta a kan wannan tazarar, sai an shimfiɗa faranti mai faɗin murabba'in mita 282, fiye da rabin fuloti mai ƙafa 50 a ƙafa 100. Amma ga ta nan a tafin hannun mai gyara, tana shiga aljihun riga.

Tun farkon lamarin shamaki ne ya fara ba mutane mamaki. A 1745 wani malamin coci a ƙasar Jamus mai suna Ewald von Kleist, sannan a farkon 1746 Pieter van Musschenbroek na garin Laidin a Holan, kowannensu ya tara lantarki a cikin kwalbar gilashi mai ruwa. Ruwan ciki faranti ne, hannun da ke riƙe da kwalbar faranti ne, gilashin kuma shamaki. Jan da wutar ta yi wa Musschenbroek ya sa ya rubuta wa abokinsa cewa ko masarautar Faransa za a ba shi ba zai sake ba. Henry Cavendish a Ingila ya auna tasirin gilashi da kakin zuma a shekarun 1770 amma bai wallafa ba, sai a 1879 aka fitar da takardunsa. Wanda duniya ta ji daga bakinsa shi ne Maikel Farade a 1837. Ya ƙera kafasitoci biyu masu girma ɗaya, ya bar ɗaya da iska, ya cika ɗayar da abubuwa irin su farar wuta da gilashi, ya raba musu caji. Kullum wadda aka cika ita take ɗaukar kaso mafi tsoka. Daga sunansa aka samo farad.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce ta yaya abin da wuta ba ta bi ta cikinsa zai ƙara wa kafasita ƙarfin ajiya. Hankali zai fi karkata ga cewa tare hanya zai yi.

Kowane abu an gina shi da ƙwayoyin zarra, kowace ƙwaya tana da cibiya mai cajin fozitib da ilektaron masu cajin negatib kewaye da ita. A cikin jan ƙarfe da alminiyam wasu ilektaron ɗin sakakku ne, suna yawo daga wannan ƙwaya zuwa waccan, shi ya sa wuta take gudana. A cikin gilashi ko leda a ɗaure suke, ba sa barin ƙwayarsu. Sai dai ɗaurin bai hana su ɗan gocewa ba. Da zarar an sa gilashin tsakanin farantai masu caji, ilektaron ɗin kowace ƙwaya sukan karkata wajen farantin fozitib, cibiyar kuma ta karkata wajen na negatib. Gocewar ƙanƙanuwa ce, ba ta kai faɗin ƙwayar kanta ba, amma ƙwayoyin ba su ƙirguwa kuma duk gefe ɗaya suka karkata.

A tsakiyar gilashin ba a ganin komai, domin gefen fozitib na wannan ƙwaya yana jingine da gefen negatib na maƙwabciyarta, suna kashe juna. A fuskokin gilashin biyu ne babu maƙwabciyar da za ta kashe. Fuskar da ke kallon farantin fozitib sai ta wayi gari da siririn cajin negatib, ɗaya fuskar kuma da na fozitib. Wannan caji ba ya iya tsallakawa cikin faranti, a ɗaure yake, amma yana da nasa ƙarfin ja, kuma jansa yana adawa da na farantai. Sakamakon haka ƙarfin jan da ke tsakanin farantan, wanda littattafai suke kira filin lantarki, yana raguwa. Boltej kuwa ƙarfin jan nan ne sau tazara, saboda haka shi ma ya ragu. Caji yana nan yadda yake, boltej ya sauka, ke nan cajin da ke kan kowane bolt ɗaya ya ƙaru. Ƙarin ƙarfin ajiyar ke nan, babu wani sirri bayan wannan.

Duk wanda ya yi firamare a garin nan ya ga abin da idonsa. Lokacin hunturu yara sukan goga biro a gashin kai su kusanta shi da guntayen takarda, takardar ta yi tsalle ta manne. Takardar ba ta da caji ko kaɗan. Cajin biron ne ya karkatar da ƙwayoyinta, gefen da ke kusa ya zama kishiyar biron, kuma da yake ya fi ɗaya gefen kusanci, ja ya rinjayi turi. Da damina wasan ba ya yi sosai saboda laima tana zurarar da cajin.

Abubuwa sun bambanta wajen wannan karkata, bambancin ne kuma lambar k take faɗa. Sararin da babu komai a cikinsa lambarsa 1. Iska 1.0006, kusan babu bambanci. Folifurofilin, irin robar da ake saƙa buhun hatsi da ita, 2.2. Takarda wajen 3.5, gilashi tsakanin 4 da 10 gwargwadon irinsa. Ruwa kusan 80, domin ƙwayar ruwa dama can tana da gefen fozitib da gefen negatib, juyawa kawai take yi gaba ɗayanta ta fuskanci faranti. Akwai kuma wani tangaran da ake haɗawa da sinadaran bariyam da titaniyam wanda lambarsa take kai dubbai.

A nan ne masu shirya tambayoyin WAEC da JAMB suke ɗana tarko, ɗalibai kuma suna faɗawa duk shekara saboda sun riƙe cewa shamaki yana ƙara komai. Sai an fara tambaya: batir yana haɗe ko an cire shi? Ɗauki kafasita mai iska, ka yi mata caji da batir mai bolt 12, ka cire batir ɗin, sannan ka zura gilashi mai lamba 5. Caji ba shi da hanyar fita ko shiga, yana nan. Ƙarfin ajiya ya ninka sau 5, boltej ya faɗo zuwa 2.4, makamashin da ke ajiye kuma ya koma kashi ɗaya cikin biyar. Ina sauran ya tafi? Farantan da kansu suna jan gilashin ciki, kamar dai yadda biro ya ja takarda, kuma a wannan jan ne makamashin ya fita. Idan kana so ka zaro gilashin sai ka sa ƙarfi, ƙarfin naka ne zai koma ciki.

Idan kuwa batir yana haɗe, shi ba ya yarda boltej ya sauka daga 12. Da gilashin ya fara rage jan, batir zai turo ƙarin caji har sai an koma 12. A ƙarshe caji ya ninka sau 5, makamashin ajiya ma sau 5. Wani abin lura shi ne rabin abin da batir ya kashe ne kawai ya zauna a kafasitar, ɗaya rabin ya tafi wajen jan gilashin. Gilashi ɗaya, farantai ɗaya, amma a hali na farko makamashi ya ragu, a na biyu ya ƙaru. Wanda ya fahimci karkatar ƙwayoyi ba ya bukatar haddace wannan, zai fitar da shi da kansa a zauren jarrabawa.

Mai karatu zai ce, tunda ruwa yana da 80, robar buhu kuma 2.2, me ya sa robar ce a cikin kafasitar fanka? Wannan tambayar ce take kai mu ga abin da littafin sakandare yake wucewa da sauri, alhali shi ne ya fi shafar mai gyara. Ruwan da muke da shi yana ɗauke da gishiri iri-iri, wuta tana bi ta cikinsa, cajin zai zurare. Ko an tace shi ƙal, ba ya daɗewa a haka. Bayan wannan kuma kowane shamaki yana da iyakar jan da zai iya jurewa. Idan aka wuce iyakar, ilektaron ɗin da ke ɗaure sukan tsinke, su bangaji wasu su ma su tsinke, wuta ta huda shamakin ta wuce. Busasshiyar iska tana fashewa a wajen bolt 3,000 kan kowace milimita, tartsatsin da kake ji a hannun ƙofar mota da hunturu ke nan, walƙiya ma babbar yayarsa ce. Siririyar ledar folifurofilin tana jure ɗaruruwan dubban bolt kan kowace milimita.

Muhimmancin wannan yana fitowa a lissafin makamashi, wanda yake rabin C sau boltej sau boltej. Idan ka ninka lambar k sau biyu, abin da za ka iya ajiyewa ya ninka sau biyu. Idan ka ninka juriyar shamaki sau biyu, ya ninka sau huɗu. Juriya kuma ita take ba ka damar sirantar da shamakin, wato rage d, wanda shi ma ƙarin ƙarfin ajiya ne. Saboda haka leda mai ƙaramar lamba da babbar juriya tana iya kayar da abin da ya fi ta lamba nesa ba kusa ba.

Ina ba duk malamin kimiyya a Kaduna shawara ya nemi matacciyar kafasitar fanka wajen mai gyara, kyauta ma za a ba shi, ya haɗa bakin wayoyinta biyu ya tabbatar babu caji, ya yanka ta da zarto a gaban ɗalibai. A ciki akwai ƙullin leda da aka naɗe tamau. Idan aka kama bakin aka fara warwarewa, ledar tana ta fitowa mita bayan mita, ba ta da nauyi, tana manne wa yatsa, gefe ɗaya yana ƙyalli. Ƙyallin nan shi ne farantin: alminiyam ko zinki da aka fesa a jikin ledar, siririn da idan ka ɗaga shi wajen taga haske yana ɗan ratsawa. Ledar kanta kaurinta 'yan maikuromita ne, maikuromita kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Mu ce 6, kusan kashi ɗaya cikin goma na kaurin gashin kai. Sa wannan a lissafin da muka yi ɗazu, murabba'in mita ɗaya zai ba ka sama da maikurofarad 3. Fulotin nan ya koma abin da bai kai tabarma ba. Lambar 2.2 ta taimaka, amma babban aikin sirantar ce ta yi shi. Ledar kuma tana yin wani aikin da ba a cika ambata ba: ita take hana farantan haɗuwa, domin caji kishiyoyi jan juna suke yi, babu yadda za a bar iska mai wannan sirantar a tsakaninsu su tsaya.

A jikin tsohuwar ledar za ka ga ɗigo-ɗigon wurare da ƙyallin ya ɓace, wani wurin ma fili guda ya koɗe. Amsar tambayarmu ta farko ke nan. Wutar gidajenmu bolt 230 ce, amma tana hawa da sauka sau 50 a daƙiƙa, ƙololuwarta tana kai 325, abin da ke kan kafasitar fanka ma yakan fi haka. Ƙara da tsallen da wuta take yi idan an dawo da ita, ko lokacin da ƙaramin janareta yake shaƙewa yana saki. Duk sanda tsallen ya sami wuri mai rauni a ledar, sai ya huda. Da yake ƙarfen siriri ne ƙwarai, zafin tartsatsin yana ƙone shi a kewayen hudar, wurin ya keɓe, kafasita ta ci gaba da aiki. Dabara ce mai kyau, ita take hana gobara. Amma kowace huda tana cin ɗan faɗin faranti, laimar da ta shiga kuma tana cin nata. A hankali 2.5 ta koma 1.5, ta koma 1. Injin fanka yana da naɗin waya guda biyu, aikin kafasita kuwa shi ne ta sa wutar naɗi na biyu ta saɓa lokaci da ta naɗi na farko don a sami jan da ke kewayawa. Idan ta yi rauni, wutar naɗi na biyu ta ragu, fanka ta rasa ƙarfin tashi.

Wasu masu gyara sukan ɗaura 3.5 ko 4 a gurbin 2.5 don mai gida ya ga gudu ya yaba. Ban goyi bayan haka ba. Ƙarin wutar a naɗi na biyu take bi, naɗin ya yi zafi fiye da yadda aka tsara shi, ƙarshenta a kai fankar wajen mai sake naɗin waya. Inda ya kamata a ƙara shi ne lambar bolt: mai 450 ta fi mai 400 kauri ko ingancin leda, ƙarfin ajiyarsu kuma ɗaya.

Akwai wani abokin gaba da ba a gani, wato iskar da ta maƙale. A ce gilashi mai lamba 5 ya cika kashi 9 cikin 10 na tazarar, iska ta cika sauran. Ƙarfin ajiya ba zai ninka sau 5 ba, sau 3.6 zai ninka. Idan tangaran mai lamba 1,000 ne, iska kuma ta ci kashi 1 cikin 100 kacal, lambar da za ka samu ba ta kai 100 ba. Mafi muni, jan da ke cikin ɗan kumfan iskar ya fi na cikin shamakin ƙarfi, ga shi iska ce ta fi saurin fashewa. Sai ƙananan tartsatsi su riƙa tashi a cikin kumfan suna cin shamakin daga ciki. Dalilin da ya sa ake jiƙa takardar tsofaffin kafasitoci da mai ke nan, dalilin da ya sa taransifoma take cike da mai ke nan, kuma dalilin da ya sa ake fesa ƙarfen a jikin leda maimakon a jingina su.

Kafasitar da masu gyaran talabijin, caja da inbata suka fi sauyawa ita ce mai siffar ƙaramin gwangwani. Shamakinta ba wani abu ne da aka saka ba, tsatsar alminiyam ce da aka tsiro da ita a jikin farantin ta hanyar lantarki. Lambar tsatsar wajen 9 ce, kaurinta kuwa kusan nanomita 1.4 kan kowane bolt (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), sirantar da babu ledar da ta kai. An kuma ƙwaƙule fuskar farantin da sinadari don faɗinsa ya ninka. Faranti na biyu a gaskiya ruwan sinadari ne da ke jiƙe a takarda, shi yake shiga kowane lungu ya taɓa tsatsar ba tare da barin iska ba. Haka ake samun maikurofarad 1,000 a abin da bai fi ɗan yatsa ba. Farashin wannan dabara biyu ne. Idan aka juya ƙafafunta, fozitib a gurbin negatib, tsatsar tana rushewa, gas ya taru, kan ya kumbura ko ya fashe ta wurin tsagar da aka yi masa da gangan. Na biyu, ruwan yana bushewa da zafi.

Masu ƙera ta suna da ƙa'idar da kowane mai gyara a garin nan ya kamata ya sani: duk ragin digiri 10 na zafi yana ninka tsawon ranta kusan sau biyu. A jikinta akwai rubutu 85 ko 105, wato digirin zafin da aka yi ta ta jure. Ɗauki guda biyu da aka yi wa alkawarin awa 2,000 kowacce a kan nata zafin, ka sa su cikin inbatar da cikinta yake kai digiri 65, abin da ba wuya a ɗakin kwano a watan Afrilu lokacin da waje ma ya haura 35. Mai 85 za ta yi wajen awa 8,000, bai kai shekara ba idan dare da rana take aiki. Mai 105 za ta yi wajen awa 32,000, fiye da shekara uku da rabi. Yaron shago da aka aika kasuwa zai dawo da mai araha ya ce, "Oga, ai duk 1,000 ce." Gaskiya ne duk 1,000 ce a ranar da aka saya. Wanda zai ji bambancin shi ne mai kayan da zai dawo da su kafin shekara ta zagayo, ya kuma ɗauka mai gyaran ne bai iya aiki ba.

Tangaran mai lambar dubbai kuwa an gano shi ne a farkon shekarun 1940, lokacin yaƙin duniya na biyu, a Amurka da Japan da Tarayyar Sobiyat kowa da kansa. Da shi ake yin ƙananan kafasitocin nan masu ruwan ƙasa da ke manne a fanel ɗin waya, ɗaruruwa a waya ɗaya, kowacce da shimfiɗu masu yawa a jere cikinta. Babbar lambar tana zuwa da rashin tsayawa wuri ɗaya. Nau'in X7R yana iya sauyawa da kashi 15 cikin 100 tsakanin sanyi da zafi, nau'in Y5V yana iya zubar da sama da kashi 80. Boltej ma yana rage musu ƙarfi, domin idan ƙwayoyin sun gama karkata babu sauran karkatar da za su ƙara. Inda ake son daidaito, kamar wajen kama tashar rediyo, ana komawa nau'in C0G mai ƙaramar lamba wanda ba ya motsi.

Wannan sauyin da yake aibi a wani wuri, a wani wurin shi ne amfanin. Ɗan kasuwar masara a Saminaka yakan gatsa ƙwaya da haƙori ya ji ko ta bushe. Kamfanonin abincin kaji da ke saye da tirela suna zuba ta ne a wata 'yar na'ura, kuma da yawan irin waɗannan na'urori kafasita ce wadda masarar take zama shamakinta. Busasshen hatsi lambarsa ba ta wuce 5 ba, ruwa 80, saboda haka ɗan ƙarin laima yana ɗaga ƙarfin ajiya yadda za a iya aunawa. Masarar da za a adana ana son laimarta ta sauko wajen kashi 13 cikin 100, in ba haka ba ta yi funfuna a buhu. Da irin wannan dabara ake auna man jirgin sama a tanki, tunda man yana da lamba wajen 2 iska kuma 1, da ita ake auna laimar ƙasa a gonar rani. Fuskar wayar da ke hannunka ma tana gane yatsa ne ta sauyin ƙarfin ajiya a ƙarƙashin gilashi, shi ya sa take rikicewa idan ruwa ya ɗiga a kai.

Abin da ke damuna shi ne ilimin nan ya rabu gida biyu a gari ɗaya. A azuzuwan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da Jami'ar Jihar Kaduna ana lissafa k da ε₀, a Panteka da rumfunan masu gyara ana gane kafasitar da ta gaji daga kumburin kanta ko daga kukan injin. Tazarar da ke tsakanin wuraren ba ta fi tafiyar Keke Napep ba. Ɗalibin da bai taɓa warware leda ba yana ɗaukar k a matsayin harafi kawai, mai gyaran da ba a taɓa yi wa bayanin digiri 10 ba yana ta sayen mai 85.

Masu sayen tsofaffin ƙarafa su ma maganar ta shafe su. Manyan kafasitocin masana'antu na da, irin waɗanda ake cirowa daga tsofaffin injuna, da yawansu an jiƙa takardarsu da wani mai da ake kira PCB. An zaɓe shi saboda lambarsa ta fi ta man ƙasa kuma ba ya kama wuta da sauƙi, daga baya aka gane guba ne da ba ya ruɓewa, yana taruwa a jikin mutum da dabba. Amurka ta hana ƙera shi a 1979, yarjejeniyar Stockholm ta 2001 wadda Najeriya take ciki ta sa shi a jerin abubuwan da za a kawar. Tsohuwar kafasitar ƙarfe mai yoyon mai ba abin fasawa da guduma ba ce, man kuma ba na shafa wa inji ko ƙonawa ba ne.

Sannan shamaki yana da wata ɗabi'a da ta sha jan mutanen da suka ɗauka sun sauke caji. Karkatar ƙwayoyi ba ta warwarewa gaba ɗaya nan take, wani sashe yana komawa a hankali. Mutum zai haɗa bakin babbar kafasita da sukundireba, tartsatsi ya tashi, ya ce shi ke nan. Bayan 'yan mintoci ƙwayoyin da suka makara sun saki nasu, boltej ya sake bayyana a bakin. A ƙaramar kafasita ba komai ba ne, amma a ta babbar inbata ko ta tandun maikurowef, wadda take aiki a kan bolt wajen 2,000, yana iya yin illa mai tsanani. Hanyar da ta dace ita ce a sauke cajin ta cikin rezisto, wato ɗan abin da ke rage gudun wuta, a auna da mita, a bar waya ɗaure a bakin biyu muddin ana aiki a wurin. Masu ƙera manyan kafasitoci ma haka suke turo su, da waya a ɗaure, ba a cire ta sai lokacin da za a haɗa.